Kofin Uwar Tuyet

Duk wanda ya taso a unguwarmu ta bayan kasuwar birnin Buon Ma Thuot, ƙamshin suyar gahawar Khiem ne ke tashinsa daga barci. Tun yana saurayi yake juya tukunyar ƙarfe a kan wuta, yana zuba wa 'ya'yan gahawa ɗan man shanu har su yi baƙi wuluk suna ƙyalli. Mutum ne mai taurin kai, ga tsiya, amma bai taɓa haɗa gahawarsa da soyayyar masara ba, kamar yadda wasu ke yi.

Matarsa Nhan ce kaɗai ke iya masa. Kullum da safe sukan zauna kan 'yan kujerun roba a ƙofar gida, kowa da kofinsa, matatar ƙarfe a kai tana ɗiga a hankali. Shi baƙa yake sha, mai ɗaci. Ita kuwa sai ta malala madarar gwangwani har cokali ya kusa tsayawa.

"Uwar Tuyet, wannan ai alewa ce, ba gahawa ba," yakan ce. "Kin ɓata mini aiki."

"Sha ɗacinka, tsoho. Shi ya sa fuskarka ta koma haka."

Haka suka tsufa. Da Nhan ta rasu, aka ɗora hotonta a teburin da ake girmama magabata cikin ɗaki. Khiem bai yi kuka a gaban mutane ba, amma kewa ta ci shi har ya rame. Ya ci gaba da haɗa kofi biyu: nasa baƙa, nata da madara. Sai ya ajiye nata gaban hoton, ya kunna turaren tsinke, ya zauna yana kurɓar nasa yana ba ta labarin unguwa. A al'adarmu kuwa, abin da aka ajiye wa mamaci ba a zubar da shi, kowa ya sani. In turaren ya cinye, sai ya ɗauko nata ya shanye, yana yamutsa fuska.

Daga baya ƙirjinsa ya fara bugawa ba tsari, hannunsa na rawa. 'Yarsa Tuyet ta ja shi asibiti yana ƙunƙuni. Likitar ta duba shi, ta ce, "Baba, bincike ya nuna ba kowa gahawa ke wa illa ba. Wani jikinsa na saurin fitar da sinadarinta, wani kuwa sai ya daɗe a jininsa. Kai zuciyarka ba ta ɗauka yanzu, ga irin tamu ta nan da ƙarfi. Kofi ɗaya a rana, kada ka wuce."

Ya ce ya ji, kuma a ganinsa ya cika alkawari, don ya bar ta rana da ta yamma. Amma bugun bai daina ba, har wata rana jiri ya kayar da shi gefen tukunyar suya. Washegari Tuyet ta yi sammako, ta tarar da shi da kofin madara a baki, nasa kuma ga shi can babu komai.

"Baba, ba ɗaya likita ta ce ba?"

"Ɗaya nake sha mana."

"Wannan fa?"

"Wannan ai na uwarki ne."

Ba ƙarya yake yi ba, wallahi bai taɓa ɗaukarsa nasa ba. Tuyet ta ce to a riƙa ajiye mata shayi.

"Duk rayuwarta gahawa ta sha. Sai yanzu da ba ta da bakin magana zan ba ta ruwan bunu?"

"To ni zan riƙa shanyewa."

"Ke da kike da ciki? Ki rufa mini asiri."

Ta durƙusa gabansa tana hawaye. "Baba, na rasa uwa, kada ka tafi kafin ka ga jikanka. Ka zaɓi kofi ɗaya."

Khiem ya daɗe yana kallon hoton. Sai ya wanke kofinsa da matatarsa, ya miƙa wa Tuyet, ya ce ta kai gidanta.

Har yanzu in ka wuce da safe za ka hango shi ta taga, zaune da hannu a kan gwiwa, ba komai a gabansa, yana hira da Nhan yana jiran turare ya cinye. Mutumin da ya soya wa unguwa gahawa tsawon rayuwarsa, yau ba ya ɗanɗana ko kurɓi ɗaya irin wadda yake so. Sai ta matarsa, mai zaƙi, ta riga ta huce. Ya daina yamutsa fuska.