Gwafar Iya a Kan Amalanke

Ranar wata Alhamis, shekarar da na shiga aji uku, Iya ta ratsa tsakiyar Aujara a tsaye ƙiƙam bisa amalanken shanu, ni kuma ina zaune na rungume ƙafafunta. Iya ita ce mahaifiyar babanmu. Tun damina ciwon baya ya hana ta zama, sai dai ta tsaya ko ta kwanta. Tuwo ma a tsaye take ci, tana mita wai an mayar da ita doki.

Ga shi an girbe gero, kuma kaf gidanmu ita kaɗai ta iya zaɓen irin da za a shuka baɗi. Gonar da nisa, ƙafa ba za ta kai ta ba. Baba ya ce a shimfiɗa mata katifa a amalanke, ta ce ba mai fita da ita a kwance tana da rai. Ya ce to a kawo mata damman gida, nan ma ta ƙi, wai sai ta ga ƙasar da kowace zangarniya ta fito. Sai Baba ya saro gwafa biyu ya kafa a amalanken, ya gitta gora daidai ƙirjinta, ya naɗe da tsohon bargo. Ta jingina, aka ɗaure ƙugunta da zani, ya ja bijiman sannu a hankali. Matan unguwa suka yi ta leƙe ta katanga suna tambaya ko takara ta fito, ita kuwa tana ɗaga musu hannu kamar da gaske. Kunya ta kama ni, amma wallahi na ji daɗi.

A gona ba ta iya sunkuyawa, ni ke miƙa mata zangarniya tana murzawa. "Kada tsawo ya ruɗe ki, duba ko ta cika har baki," in ji ta. Kafin la'asar na fara zaɓa da kaina, tana gyaɗa kai.

Yanzu a Dutse nake aiki, wuni nake bisa kujera, kuma bayana ya fara yi min ciwo. In na ratsa titi cikin adaidaita, nakan tuna cewa ba inda Iya za ta tsaya a cikinsa. Ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta, amma duk girbi ni ake kira zaɓen iri. Geron da muke ci har yau jikan na ranar nan ne.