Godiyar da Na Yi wa Malam Sale

Ranar Laraba ce, ƙarshen damina. An yanke gero, dawa tana tsaye. Na sha koko da ƙosai a zaure, matata Rabi tana faɗa da 'yanmatanmu biyu a kan wanke-wanke. Ƙarfe bakwai da kwata na hau tudun bayan gida, don nan kaɗai waya ke samun sabis a ƙauyenmu, can tsakanin Basirka da Gwaram. Na saki wani rahoto a intanet. Na sauko ina ji da kaina.

Shekara goma sha shida na yi ina wakilin wani gidan rediyo. Da masu talla suka koma waya, aka sallame mu, mu wakilan karkara, da takarda guda da fatan alheri. Na buɗe shafina a intanet. Ni ne wakili, ni ne mai ɗaukar hoto, ni ne edita. Har daɗi na ji, na ce yanzu ba mai sa mini almakashi.

Mai almakashin ita ce Hajiya Binta, editarmu. Ina da wata ɗabi'a: ba na rufe rahoto sai na gode wa wanda ya taimake ni, da sunansa da unguwarsa. Haka aka rene mu, wanda ya yi maka alheri ka faɗa a gaban mutane. Kullum sai ta datse wurin, ta ce labarai take shiryawa, ba filin gaishe-gaishe ba. Shekarun nan duka ina jin haushinta. Ban taɓa tambayar kaina me take tarewa ba.

Rahoton na masu ƙona gawayi ne a dajin gabas da mu. Sun sare itatuwa, sun ajiye masu bindiga, sun hana manoma zuwa gonakinsu. Maƙwabcina Malam Sale, ɗan acaɓa, shi ya kai ni ta hanyar mafarauta ranar Litinin. Na yi taka-tsantsan irin na ƙwararru, ban ɗauki fuskarsa ba, ban ɗauki lambar babur ɗinsa ba. Amma a ƙarshe bakina ya yi abin da ya saba. Na ce ina miƙa godiya ga Malam Sale mai babur, na bayan masallacin Juma'a, Allah ya saka masa da alheri.

Ƙarfe goma Sale ya tsaya a ƙofar gidana, bai ko kashe babur ba. Yana ta dariya. Wai surukansa na Kano sun ji sunansa, sun bugo masa yana can kan titi, suna masa kirari. Ya ce tunda aka haife shi ba a taɓa ambatonsa a labarai ba. Na ce ai yanzu aka fara. Ya wuce neman fasinja.

Ɗaya saura na sake hawa tudu in duba yawan masu kallo. Kira biyar na tarar, duka na Hajiya Binta, wadda rabona da ita shekara biyu. Ina tsaye na shida ya shigo. Ba ta ko gaisa ba.

"Habu, goge shi yanzu. Ka faɗi sunan mutum da gidansa."

Na goge. Amma ya riga ya shiga wayoyin mutane, ana ta turawa. Na kira Sale, ba ta shiga ba. Na je gidansa, matarsa Zulai ta ce ya kai wata mata Maruta, zai dawo cin abinci. Na ce in ya dawo ya neme ni. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Kunya ta hana ni in ce ta kwashe yara su bar gidan.

Biyu da minti ashirin, an idar da azahar, muka ji babura daga gabas. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Kaji suka watse. Sai harbin farko, daga wajen masallaci. Ba su tsaya tambayar kowa hanya ba.

"Kowa ya kwanta! Ina ɗan jaridar?"

Rabi ta riga ni dawowa hayyaci. Ta yage zanar bayan gida, ta tura yaran, ta jawo ni da riga. Muka faɗa gonar dawa muka kwanta. Ƙaramar ta fara kuka, uwar ta toshe mata baki da gefen zane. Daga nan ina jin komai. Dukan ƙofofi. Ihun mata. Harbi uku a jere, shiru, sannan ɗaya. Warin fetur, sannan ƙaurin hatsi. Gonar a gindin tudu take, sai wayata ta kama sabis, ta shiga ƙara, saƙonnin masu yaba mini suna shigowa. Na danne ta a ƙasa har na samu ta mutu.

Uku da rabi baburan suka tafi. Ba mu koma ba. Muka bi bakin rafi a sunkuye, ba takalmi. La'asar ta yi, ba a kira salla a ƙauyenmu ba. Wannan shirun har yau yana cikin kunnena. Biyar da rabi muka fito titi. Wani direban motar hatsi ya dube mu, bai tambayi komai ba, ya ce mu hau kan buhuna. Ana kiran magariba muka shiga Birnin Kudu, gidan yayar Rabi.

Washegari da safe na tafi asibiti, inda aka kawo waɗanda suka ji rauni. A baranda na ga Zulai, jini ya bushe a zanenta. Na durƙusa a gabanta. Ita ta ba ni labari. Sale ya dawo, ta ajiye masa abinci. Ta gaya masa ina nemansa, ya ce bari ya ci tukuna. Yana cikin ci suka shigo suka harbe shi. A hanyar asibiti ya cika. Ba ta zage ni ba. Da ma ta zage ni. Tambayata ta yi ko yarana sun tsira.

Da rana abokan aiki suka yi ta kira, kowa yana son muryata ta minti ɗaya. Ban ɗaga ba. Da yamma na ji labarin a rediyon mai shayi: wasu mahara, wani ƙauye, mutum uku. Kafin in ajiye kofi an wuce zuwa maganar taki.

Wata takwas ke nan. Ban koma gida ba, ban sake sakin komai ba. Ina taya mijin yayar Rabi tsaron shagon hatsi. Gidaje bakwai suka ƙone, da rumbuna goma sha ɗaya. Mutum ukun da aka kashe kuwa, akwai Isa tela, da ya leƙo ya ga me ke faruwa. Akwai Baba Ɗanjuma, kurma ne, bai ji an ce a kwanta ba. Sai Malam Sale, mai 'ya'ya huɗu, Zulai tana da cikin na biyar. Ta haihu bayan ƙaramar salla, namiji, aka mayar masa da sunan ubansa. Ta aiko mini da goron suna. Ban iya zuwa ba.