Rabin Askin Na Laraba

Mijina mai aski ne, kuma tun da na aure shi ban taɓa ganin ya bar abu rabi ba. Ko shayi ya zuba sai ya ga ƙasan kofi, ko da ya huce. Ranar da naƙudar 'yarmu ta fari ta tashi, na aika masa shago, ya ce a gaya mini yana tafe, saura ƙeya. Saura ƙeya! Har gobe idan muka yi faɗa sai na tuna masa da ita.

Shagonsa ɗan ɗaki ne a bakin babban titi, tsakanin mai kemis da mai gyaran agogo. Kujera ɗaya mai juyawa wadda fatarta ta tsage, benci, madubi, sai ƙusa a bango ta rataye hula. Wurin kawunsa ya koyi sana'ar, tun yana taka akwati kafin hannunsa ya kai kan mutum. Ba ya riƙe sunan kowa, kai yake riƙewa. Idan yana ba ni labari sai ya ce mai sanƙon nan, ko mai kunnuwan nan, ni kuma in yi ta kame-kame.

A cikinsu akwai wani da muke kira Na Laraba, don duk Laraba da yamma yake zuwa in ya taso daga aiki. Dogo ne siriri, da furfura, da ɗan tabo a bayan kunnen hagu, kullum da hular saƙa ruwan toka. Tattabaru yake kiwo a saman gidansu, mijina kuwa da tattabaru ya tashi. Mutumin da a gida sai na yi da gaske kafin ya ce uffan, in Na Laraba ya zauna sai ka jiyo dariyarsa daga tsallaken titi. Shekara da shekaru suna haka. Na taɓa tambayarsa, wai meye sunan abokin nan naka? Ya ce, "Suna kuma? Ai na san kansa."

Ran da abin ya faru ina wurin, na kai masa abinci. Ya gama gefen dama ke nan, Na Laraba yana cikin ba da labarin wata tattabararsa da ta ɓata, sai maganar ta yanke. Kansa ya langaɓe, ya sulale daga kujera kamar rigar da ta zame daga igiya. Na ƙwalla salati. Mai kemis ta shigo a guje, ta duba shi, ta ce zuciyarsa ta tsaya. Ta ce in kira motar asibiti, ta ɗora hannuwan mijina a tsakiyar ƙirjin, ta ce, "Malam, danna da ƙarfi, da sauri, kada ka tsaya sai sun zo."

To, ta faɗa wa wanda ya dace. Titi ya cushe, muna jin jiniya daga nesa amma motar ta kasa ƙarasowa. Mijina yana durƙushe cikin gashin da ya zuba, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, yana dannawa. Can na ji wani abu ya ce ƙas a ƙarƙashin hannunsa. Ya ɗago ya dubi mai kemis, ta daka masa tsawa ta ce ya ci gaba. Da ma'aikatan suka iso, suka manna wa mutumin na'ura a ƙirji, suka ce kowa ya ja da baya, na'urar ta fizge shi. Suka ɗauke shi da rabin aski suka tafi. Hularsa tana nan a ƙusa.

Daga nan ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Mijina ya rufe shago ya bi asibitoci, garin nan kuwa asibiti ba ya ƙirguwa. Duk inda ya je tambaya ɗaya ce, menene sunansa? Sai ya ce dogo ne, da tabo a bayan kunne, an aske masa gefe ɗaya. Wasu su yi dariya, wasu su ba shi haƙuri. Mai kemis ta gaya masa gaskiya, ta ce waɗanda zuciyarsu ke tsayawa a waje, kaɗan ne ke kai labari. Ta ce karyewar haƙarƙari kuma ba laifinsa ba ne, yakan faru. Ya ce ya ji, amma sau da yawa nakan same shi zaune yana kallon tafin hannunsa.

Duk Laraba da yamma ba ya karɓar kowa. Ya share kujera, ya kaɗe hular, ya zauna a benci yana kallon ƙofa. Na ce, "Baban yara, wanda ya tafi fa ya tafi." Ya ce, "Ni dai in sani. Ko ta'aziyya ce in yi." Wallahi ya ba ni tausayi, kuma ya ba ni haushi. Kewa ce take cinsa, ga shi ya ƙi ya kira ta da sunanta.

Ana nan sai aka ce za a faɗaɗa titi, jerin shagunan duk za su tafi. Mai agogo ya kwashe, mai kemis ta kwashe. Ɗanmu ya samo masa shago a unguwarmu, mai kyau, har da fanka. Mijina ya koma can ba don ya so ba, yana cewa, "In ya dawo, ina zai same ni?" Laraba ta farko bayan rushewar sai ga shi ya ɗauki kujerar naɗewa, ƙaramin madubi, injin aski mai batir, da hular. Ya je ya zauna a gindin turken fitilar da ke gaban tsohon shagon, ya rataye hular a jikin turken. Na ce yau na ga ta kaina, mijina ya koma gadin kango. Yaranmu suka yi magana har suka gaji. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo, yana nan. Ni ma da na ga faɗa ba ya ci, sai na koma bin sa da ruwan sha, muna zaune motoci suna wuce mu.

Wata Laraba wata mota ta wuce mu, ta taka birki, ta dawo da baya. Wata mata ta fito, idonta a kan turken. Ko gaisuwa ba ta yi ba ta ce, "Baba, ina ka samo hular nan? Ni na saƙa ta." Mijina ya miƙe, ya kasa tambayar abin da ya daɗe yana son sani. Ita ce ta juya ta buɗe ƙofar baya.

Shi ne. Ya rame, yana dogara sanda, gashi ya cika masa kai buzu-buzu. Matar, wadda ashe 'yarsa ce, ta ce ya tashi, amma ya baro abubuwa da yawa a can, har sunayen jikokinsa sai an tuna masa. Likitoci sun ce ba don wanda ya danna ƙirjinsa bai tsaya ba, da wani zancen ake. Abin da kawai iyalinsa suka sani shi ne daga shagon aski aka ɗauko shi. Shi kuma kullum cewa yake a kai shi wurin mai askinsa, bai san titi ba, bai san suna ba. Sun zaga shaguna ba adadi. Da an ɗora masa hannu a kai sai ya miƙe ya ce ba shi ba ne.

Na Laraba ya dubi mijina, kallon da ake yi wa baƙo. Bai gane shi ba. Na ga yadda abin ya soki mijina, na kau da kai don kada in yi kuka a bakin titi. Sai mijina ya matso. Ya gyara kujera, ya zaunar da shi, ya yafa masa ƙyalle. Sannan ya sa tafin hannunsa a tsakiyar kan, ya karkatar da shi kaɗan, ya lanƙwasa kunnen hagu da babban yatsa don ya kare tabon, yadda ya saba.

Mutumin ya lumshe ido. Kafaɗunsa suka sauka. 'Yarsa ta kama hannuna ta matse tana jiran ya miƙe. Bai miƙe ba. Ya ce, "Malam, ka daɗe."

Mijina ya kunna inji, hawaye yana bin gemunsa. Ya ce, "Riƙe kanka haka. Saura gefen hagu."