Ƙyallen Tace Ruwa a Hannun Inna

Inna ba ta iya jira ba. Duk ƙauyenmu, can bayan Taura, an san ta da haka. In ta aike ka, kafin ka sa takalmi ta fara tambayar abin da ya tsayar da kai. Koko take sayarwa, kuma wajen tace gasara babu mai hannunta. Za ta zuba ƙullu a ƙyalle, ta tattara bakinsa, ta murɗa, ta danna har sai dusar ta fito kamar ba ta taɓa ganin ruwa ba.

Ba a daɗe da yanke Jigawa daga Kano ba, ina koyarwa a Dutse, ma'aikatan lafiya suka kawo wani farin ƙyalle na nailan saboda kurkunu. Rijiyarmu takan ƙafe da rani, a koma kududdufi, a cikin ruwansa kuwa ƙananan ƙwarin da ke ɗauke da cutar suke. A ƙofar gidan mai unguwa aka raba, maza aka tara aka yi wa bayani. Har yau wannan na ba ni haushi, don ban taɓa ganin namijin da ya cika randa a garinmu ba. Yayana, wanda yake nome mana gona tun rasuwar Baba, shi ya karɓo na gidanmu. Ya miƙa wa Inna ya ce, "An ce a riƙa tacewa." Iyakar abin da ya iso cikin gida ke nan.

Inna ta riƙe abin da gaske. Ko baƙo ba ta ba shi ruwan da ba a tace ba. Sai dai ruwan kududdufi da laka yake zuwa, lakar ta toshe ƙyallen, ruwa ya koma ɗigo. Ita kuwa ba za ta tsaya kallon ɗigo ba, sai ta yi abin da hannunta ya saba.

Da damina ta zagayo, ana tsakar noman farko, ƙurji ya fito wa Yaya a gefen gwiwa. Da na zo gida na tarar da shi kwance a zaure, ana naɗe tsutsar kurkunu a tsinke kaɗan-kaɗan. Ta tsinke a ciki, ƙafar ta kumbura. Ba ciwon yake kuka da shi ba, gero yake tambaya, ciyawa kuwa ta riga ta rufe shi.

Wani ma'aikacin lafiya ya zo duba shi, ya nemi ganin ƙyallenmu. Inna ta kawo da alfaharinta, fari tas. Ya ɗaga shi saitin rana. Ni ma daga inda nake na ga yadda tsakiyarsa ya saki, haske na ratsowa.

"Inna, matsa shi kike yi?"

"To, ɗan nan, in zauna ina kallonsa? Da aiki a gabana."

Ya sauke ƙyallen. Sannan a hankali ya ce ramukan ƙyallen daidai aka yi su, ruwa ya wuce, ƙwarin su tsaya. In aka matsa, zaren ya buɗe, ƙarfin hannu kuma ya tura duk abin da aka tare ya bi ruwan zuwa cikin randa.

Inna ta kalli zaure, ta kalli hannuwanta. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar na ranar ba.

Yaya ya tashi bayan kaka, amma gwiwar ta ƙage, ba ta sake lanƙwasuwa ba. Ya bar garma, ya koma sayar da tsintsiya da igiya a kasuwa, salla ma a zaune yake yi da ƙafa a miƙe. Ba ya son a ta da maganar. Sau ɗaya na ji ya taɓo ta, ranar da ya ga Inna ta ajiye masa tuwo ta juya ba ta kalli ƙafar ba.

"Inna, ki daina. Ƙaddara ce, da ma an rubuta."

"Na sani," in ji ta. "Amma ni na zuba maka a moɗa."