Moɗa Ɗaya, Labari Ɗaya

Wata Alhamis ce cikin watan Agusta, shekarar da na gama aji biyar na firamare, ina tsaye a kan katangar gidanmu a Limawa, ruwan sama yana dukana, na rungume dish ɗin talabijin da hannu biyu ina kiran sunan Allah. Tun la'asar hadari ya taso daga bayan duwatsu, kuma daidai lokacin da aka fara kashi na goma sha biyu na shirin da muke bi, na ƙarshe a zangon, hoto ya daskare, ya farfashe, ya ɗauke. Na taɓa ganin mai gyara ya ɗan juya dish ɗin hoto ya dawo, sai na ɗauka aikin ƙarfi ne. Na murɗa gabas, na murɗa yamma, har wani ƙarfe ya ce ƙas, dish ya sunkuyar da kai yana kallon turken tumakinmu. Na sauko jiƙe sharkaf, na zauna gaban talabijin da babu komai a cikinsa, na fashe da kuka.

Ba don kaina na yi wannan hauka ba. Ƙanwata Hajo, wadda na girme ta da shekara uku, da sikila aka haife ta, kuma damina ce abokiyar gabarta. Da sanyi ya shiga jikinta sai ƙasusuwa su fara ciwo, ta yi ta juyi a tabarma tana cizon zanen Inna. Likita ya ce babban taimakon da za mu yi mata shi ne ta sha ruwa da yawa, ita kuwa Hajo gara ka ba ta maɗaci da ka miƙa mata ruwa. Inna ta yi lallashi, ta yi faɗa, Baba ya yi alkawarin alewa, duk a banza. Abu ɗaya ne ya ci ta: katun ɗin Japan ɗin nan, masu manyan idanu da gashi kala-kala, da yanzu yara ke kira anime. Duk Alhamis, ranar da babu Islamiyya, ake nuna kashi ɗaya na labarin wata yarinya mai gyaran jirgin sararin samaniya da ta ɓata hanyar gida. Ni nake karanta rubutun Turancin da ke ƙasa, da guntun Turancina na firamare, ina fassara mata. Daga nan muka ƙulla ciniki: moɗa ɗaya, labari ɗaya. Ba na buɗe baki sai na ga gindin moɗa.

A wancan makon tana kwance a asibiti, ni zan kalla in kai mata. Da asubahin Juma'a, kafin in yanko wa tumaki ciyawa, na bi gidajen abokan ƙwallona kaf ina tambaya. Kowa nasa ya ɗauke. Baba ya dubi dish, ya dube ni, ya ce ba mai taɓa shi sai bayan kaka. Haka na ɗauki kular koko na kama hanyar asibiti, kaina fayau, ƙafata tana ja da baya. Na tarar da Inna a bakin gado idonta ya yi ja. Tun jiya Hajo ba ta sa ko ɗigo a bakinta ba, leɓenta ya tsattsage, ma'aikaciyar jinya ta soke ta sau uku tana neman jijiyar ƙarin ruwa ba ta samu ba. Da ta gan ni ta ɗaga kai da ƙyar, ta ce, "Yaya, yarinyar ta koma gida?"

Wallahi a lokacin na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai na tuna wani tsohon littafin Turanci marar bango da na tsinta a akwatin Kawu, malamin makaranta a Ringim, labarin ban dariya na wasu wawayen matafiya a sararin sama, wanda ko kashi ɗaya cikin uku ban gane ba. Na ɗebo daga can, na ɗebo daga tsakar gidanmu, na cika moɗa na miƙa mata. Na ce mai ya ƙare wa jirgin, ya faɗa wata duniya da awaki ke mulki, suka kama yarinyar da laifin wucewa ba gaisuwa. Na ce jiragensu da kunun tsamiya suke tashi, kuma babban alƙalinsu, wani bunsuru mai tabarau, ba abin da yake tsoro kamar warin daddawa. Hajo ta yi dariya har ta riƙe haƙarƙari, Inna ta daka mini tsawa, sannan ita da kanta ta sake cika moɗar. Huɗu ta sha kafin azahar, da yamma aka samu jijiya.

Amma ban kai yarinyar gida ba. Na lissafa cewa ranar da ta isa gida labari ya ƙare, ruwa ma ya ƙare. Sai na yage shafukan farko na littafin lissafina na fara zango na biyu, ina rubutu a gindin darbejiya tumaki na kiwo, ina rubutu a layin famfo, har na daina fita langa. Duk sanda jirgin ya hango gida sai in fasa masa taya ko in aiko da awaki. Damina biyu muka ci a haka.

A ta uku, ciwon ya zo da ƙarfin da bai taɓa zuwa da shi ba. Wata safiya ina tsakiyar labari ta ture moɗar a hankali, ta ce, "Yaya, ni fa na daɗe da sani. Ina mutanen Japan suka san daddawa?" Ta yi murmushi, ta ce, "Ka kai ta gida haka nan, ta gaji." Tsoro ya kama ni, na ce sai gobe, ta fara shanye wannan tukuna. Ba mu kai goben tare ba.

Yanzu 'ya'yana a waya suke kallo, duk wata uku sabon zango, babu hadarin da ke tsayar musu da hoto, babu mai jiran Alhamis. Na nemo kashi na goma sha biyun nan, yana cikin wayata shekara da shekaru, ban taɓa buɗe shi ba. Littafin lissafin ma yana nan, a shafinsa na ƙarshe yarinyar tana hango fitilun garinsu. Layi biyu ne kawai suka rage, ina ma da na faɗa mata su a ranar.