Ranar da Lissafin Raba-Takwas Ya Kwance

Ba mahaifiyarsa ce ta raɗa masa Raba-Takwas ba, bakinsa ne ya jawo masa. Shekara talatin da ɗaya ya yi a kamfanin waya. Ya fara da hawa falwaya, filaya a aljihu, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji, aka mayar da shi ɗakin na'urori mai sanyi, inda ya ƙarasa aikinsa yana karanta lambobi da fensir a bayan kunne. A can ya riƙe abu ɗaya kamar addu'a: kamfani yana auna gudun layi da megabit, kwamfuta kuwa tana auna kayanta da megabayit, kuma bit takwas ne ke haɗa bayit ɗaya. Duk lambar da aka rubuta maka a kwali, to, ka raba ta takwas kafin ka fara murna.

Da ya yi ritaya, sai ya kwaso wannan ilimi ya dawo da shi gida, kuma gida ne ya sha wahala. Maƙwabci ba shi da ikon cewa ya sa sabon intanet mai gudu, sai ka ji an ce, "Raba takwas." Matarsa ta ce minti biyar ta gama shiri, ya ce wannan kam ninkawa ake yi. Wanda ya fi shan baƙin fensirin nan shi ne ƙanin matar, mai shagon ɗaukar hoto, wanda ya taɓa yin kurin layinsa a gaban baƙi. Raba-Takwas ya zaro fensir ya tsinka shi a bayan ambulan, kuma shekara huɗu bai bar maganar ta huce ba. Abin haushin shi ne, lissafinsa ba ya kuskure. Da yana kuskure ko sau ɗaya a shekara, da an fi son sa.

Sai ga ranar da Auta, 'yarsa ta ƙarshe, za ta aika fim ɗin da ta haɗa zuwa wata makarantar koyon shirya fim a wani gari mai nisa. Gurbi ɗaya take nema, ta yi wata biyar tana aikin, kuma ƙarfe huɗu na yamma za a rufe karɓa. Tun safe take son ta tura.

"Nauyinsa nawa?" in ji uban.

"Megabayit dubu uku, Baba."

"Layinmu arba'in ne. Raba takwas, biyar kenan duk sakan. Dubu uku a kan biyar, sakan ɗari shida. Minti goma, yarinya! Zauna ki gyara sautin nan da kike ƙorafi, ƙarfe uku ma kin yi sammako."

Ta zauna, domin ba a taɓa jin lissafin Baba ya kwance ba. Ƙarfe uku daidai ta danna, shi kuma ya tsaya a bayanta yana kallon agogo, yana jiran a yaba masa. Kwamfuta ta yi ɗan tunani, ta rubuta: saura awa ɗaya da minti arba'in.

"Ƙarya take," ya ce.

Bai rufe baki ba ya sha jinin jikinsa. Arba'in ɗin nan gudun abin da ke shigowa gida ne. Abin da ke fita yana da nasa layin, huɗu kacal, kuma shi da hannunsa ya cike takardar neman layin. Tun da ya bar aiki bai taɓa aika wa kowa abin da ya fi gaisuwa nauyi ba, shi ya sa lambar ta ɓace masa. Huɗu a raba takwas, rabin megabayit. Wannan karon kwamfutar ce ke da gaskiya, kuma gumi ya karyo masa har cikin kunne.

Idon Auta ya ciko. Da ta yi masa tsiwa da ya fi masa sauƙi.

"Baban Auta," in ji matarsa daga bakin ƙofa, "ka san wanda ke tura hotunan mutane duk wuni."

Ya sani sarai. Ya sa takalmi, ƙafa ɗaya nasa, ɗaya na wanka, ya rungumi kwamfutar suka fita.

Uku da minti ashirin suka faɗa shagon. Mai hoto yana gyara wa wani tsoho zaman hula a gaban farin labule, ya waiwayo baki har kunne.

"A'a, Yaya! Yau lissafi ne ya kawo mana ziyara?"

"Layinka na fita nawa ne?"

"Ashirin. Amma ka san mu jahilai ne, ba mu iya rabawa ba."

"Biyu da rabi duk sakan, minti ashirin," Raba-Takwas ya faɗa da sauri. "Ni na yi kuskure. Na lissafa mata da layin shigowa. Taimaka wa 'yarka."

Mai hoto ya riga ya tanadi magana ta shekara huɗu a bakinsa. Ya dubi fuskar Auta, ya dubi takalman yayan nasa, sai ya mayar da maganar ciki, ya cire wayar intanet daga tasa kwamfutar ya miƙa. Tsohon nan ma ya haƙura da hotonsa ya matso, su huɗu suka zuba wa koren layin da ke nuna tafiyar saƙon ido yana rarrafe. Huɗu saura kwata aka rubuto cewa saƙo ya isa. Auta ta yi tsalle ta ƙanƙame kawunta, ta ce in aka ɗauke ta, wata mai zuwa za ta tafi.

Sai a lokacin maganar ta shiga kunnen uban da kyau. Gudun da ya sha a titi, na fitar da ita daga gidansa ne. Ya jira ta fita kiran mahaifiyarta, sannan ya matsa kusa da mai hoto, ya rage murya.

"In mutum zai kira yarinya ta bidiyo, layin fita nawa yake buƙata don kada fuskarsa ta daskare?"

"Wanda kake da shi ya isa, Yaya."

"Ka tabbata? Kullum fa zan kira."