Jajen Lissafin Ƙanena

Ƙanena ya dawo Dakoro daga Turai a rame, kuma ba da niyyar komawa ba. Aikinsa binciken wani ƙarfi ne da ba a gani, wanda ke ture tarin taurari nesa da juna har sararin sama yana ta ƙara faɗi. Shekara da shekaru yana gina lissafinsa a kan yadda ƙarfin nan yake. Da manyan madubai na hangen nesa suka auno haske mai nisa aka gwada, lissafin bai hau ba. Shi ke nan yaro ya shige ɗaki, ko furar da yake mutuwar so sai ya kalla ya kau da kai. Ya ba ni tausayi ƙwarai, ko da yake na sha yi masa tsiya cewa mai kiwon taurari ba ya shan nono.

Inna ta tsare shi. "Wane ne ya ƙi aikin naka? A tura mishi dattijo ya ba shi haƙuri."

"Ba mutum ba ne, Inna. Sama ce ta ce ba haka ba ne."

Inna ta ɗauki gyale ta fita. A wurinta asara asara ce, ko ta saniya ko ta lissafi, kuma ba a barin mai asara shi kaɗai. Kafin la'asar unguwa ta ji, mutane suka fara zuwa jaje. Raina ya ɓaci, don na ɗauka tonon asiri ne.

Dole ƙanena ya fito zaure. Kowa ya ce Allah ya mayar da alheri, sai ya tambayi abin da ya ɓata, shi kuma ya yi bayani a daƙile. Wani kawunmu mai kiwo daga Bader Goula bai gane komai ba, amma bai iya barin magana rabi.

"To, ɗana, in ba naka ba ne, mi ke tura taurarin?"

Ƙanena ya durƙusa ya shiga zane a rairayi da yatsa, yana gogewa yana sakewa. Masu jaje suka gaji suka watse, bai ma lura ba, tuwo ya huce a gefensa.

Da safe na ɗauko tsintsiya, Inna ta riƙe mini hannu.

"Kada ki share zauren nan. Bai gama ba."